Kafin ka sayi babbar tarakta, fara auna gonarka

Idan kana yawan bi ta layukan Nassarawa GRA, wataƙila ka taɓa hango wata tarakta ta cikin get ɗin wani gida, an faka ta ƙarƙashin darbejiya, an lulluɓe ta da tamfol, tayoyinta sun fara saɓewa. Da yawa daga mazauna unguwar nan suna da gonaki a Bunkure, Kura, Sumaila ko Tudun Wada, kuma da zarar mutum ya yi ritaya ko kasuwa ta ɗan buɗe masa, abin da ke fara zuwa masa a rai shi ne ya mallaki motar noma tasa ta kansa. Burin ba laifi ba ne. Inda ake samun matsala shi ne wurin zaɓe.

Kwanakin baya wani dattijo da muke sallah masallaci ɗaya ya tsayar da ni bayan la'asar, ya miƙo min wayarsa. Hotuna biyu ne: wata ƙatuwar tarakta mai ƙarfin doki 200 da aka yi amfani da ita a Turai, da injin shuka mai faɗin mita shida da ake son haɗa masa da ita. Ya ce, "Ɗana, ku ne 'yan boko, duba min, ta yi ko?" Na ce, "Baba, hekta nawa ce gonar, me za a shuka, kuma tsawon kunya ɗaya mita nawa ne?" Ya san amsar ta farko, kusan hekta 50. Ta biyu ya ce masara da damina, alkama da rani in Allah Ya yarda. Ta ukun sai ya yi dariya, ya ce wannan kuma wane irin tambaya ne. Ita ce kuwa ta fi sauran nauyi. Abin da na yi masa bayani a tsaye a ƙofar masallaci shi zan shimfiɗa maka a nan, da lissafinsa.

Tarakta ita ce ƙarshen lissafi

Tarakta ba ta noma. Aikinta ja ne da ɗagawa da juyawa. Abin da ke taɓa ƙasa shi ne garma da haro da rija da injin shuka. Saboda haka injiniyoyin aikin gona suna farawa ne daga amfanin da za a shuka da girman fili, su ƙirga kwanakin da ake da su, su zaɓi kayan aikin da za su gama cikin waɗannan kwanaki, sannan a ƙarshe su nemi taraktar da za ta iya jan mafi nauyinsu. Mu kuwa mun saba da juya abin: a sayo tarakta tukuna, daga baya a shiga neman abin da za a rataya mata.

Kwanakin su ne wuyar aiki a ƙasar Kano. Kusan duk ruwan shekara yana sauka ne cikin wata huɗu, daga Yuni zuwa Satumba. Da zarar damina ta zauna, manomi yana da kamar mako biyu ya gama gyaran ƙasa da shuka, kuma ba kowace rana ce za a iya shiga gona ba. Alkamar rani ma haka: a Kadawa da sauran sassan aikin noman rani na Kogin Kano, wanda ke shan ruwa daga madatsar Tiga, ana so a shuka ta daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba, don ta yi ido cikin sanyin hunturu. Wanda ya makara, zafin Maris zai tarar da alkamarsa tana cika ido, ƙwayar ta fito a motse.

Ga lissafin da ake yi, kuma ko a bayan takardar siminti za ka iya yin sa. Ka ɗauki faɗin kayan aikin a mita, ka ninka da gudun tarakta a kilomita cikin awa, ka raba da goma. Abin da ya fito shi ne hektar da za a gama cikin awa ɗaya da a ce ba a tsayawa. Amma ana tsayawa: a juya a bakin gona, a ƙara iri, a cire ciyawar da ta naɗe, direba ya sha ruwa. Don haka sai ka rage kashi 20 zuwa 35 cikin ɗari.

Mu gwada da gonar Baba. Injin shuka masara mai layi huɗu, tazarar santimita 75 tsakanin layi, faɗinsa mita uku ke nan. A gudun kilomita shida, bayan an cire lokacin tsaye-tsaye, zai yi hekta ɗaya da 'yan kai a awa. Hekta 50 za ta ci awa 43 ko kusa da haka, wato kwana biyar zuwa shida idan ana awa takwas a yini. Ka ga ke nan layi huɗu ya ishe shi, kuma tarakta mai doki 65 zuwa 75 tana ɗaukar wannan injin ba tare da nishi ba. Haro mai faɗin mita biyu shi ma kusan haka yake, hekta ɗaya da ɗoriya a awa. Wanda ke cin lokaci shi ne garma mai faranti uku, don abin da take yanka bai kai mita ɗaya ba: kamar sulusin hekta a awa, wato kwana goma sha takwas ko fiye kafin a gama hekta 50. To a nan ne kaɗai ake iya cewa ana bukatar ƙarin ƙarfi, ko tarakta ta biyu ta haya. Sai dai kuma tambaya ta taso: dole ne a yi garma mai zurfi kowace shekara? A jigawa mai rairayi, irin mafi yawan gonakin tudu na Kano, sau da yawa haro kaɗai ya wadatar, kuma yawan birkita irin wannan ƙasa yana ƙara saurin ƙonewar ɗan takin da ke jikinta, iska da ruwa su kwashe saman. Ƙasar fadama mai laka ce ke neman garma da gaske.

Yanzu ga dalilin tambayar tsawon kunya. Tarakta mai gudun kilomita shida a awa tana cin mita 100 a minti ɗaya. Idan tsawon gonarka mita 100 ne, minti ɗaya za ta yi tana aiki, sannan ta ɓata kamar rabin minti wurin ɗaga kaya da juyowa. Sulusin yininka ya tafi a juyi. Idan kuwa tsawon mita 500 ne, juyin bai kai kashi goma cikin ɗari na lokacin ba. Injin da ya fi faɗi ya fi bukatar fili wurin juyawa, ya fi wahalar kauce wa kuka da ɗorawa da gawon da ke tsakiyar gona, kuma ba kowace hanyar ƙauye ce zai bi ba. Hekta 50 da ke dunƙule wuri guda daban take da hekta 50 da aka harhaɗa daga gonakin gado guda goma sha biyu a ƙauyuka uku. Ta Baba irin ta biyun ce.

Dokin da ke takarda da dokin da ke gona

"Ƙarfin doki" ma'auni ne da James Watt ya yaɗa a ƙarni na 18 don ya nuna wa masu saye yawan dawakan da injinsa zai maye gurbinsu. Doki ɗaya ya yi daidai da wat 746. Amma adadin da ake mannawa a jikin tarakta ƙarfin injin ne, ba ƙarfin da ke isa ga garma ba. Wani kaso yana ɓacewa a giya, wani a haidirolik, mafi yawa kuma tsakanin taya da ƙasa.

Akwai wata ƙa'idar kintace da injiniyoyi ke amfani da ita: a kowane mataki, kashi 86 cikin ɗari ne ke wucewa gaba. Injin mai doki 75 zai ba da kamar 64 a sandar nan mai juyawa ta baya, wadda kanikawa ke kira PTO. Wurin ja a kan kwalta zai koma 55, a ƙasa mai tauri 48, a ƙasar da aka riga aka yi wa haro 41, a rairayi mai laushi kuwa kamar 35. Ƙasa da rabi ke nan. Kintace ne, amma yana nuna maka inda asarar take. Shi ya sa tarakta mai doki 75 wadda tayoyinta huɗu duka ke ja za ta iya fin mai doki 90 mai jan taya biyu aiki a fadama ko a rairayi.

Kana iya gwada wannan da kanka. Ka sa alama da alli a tayar baya. Direba ya tafi ba tare da ya sauke garma ba, ka auna nisan da aka ci a juyi goma na tayar. Sai ya sauke garmar ya sake tafiya, ka sake auna juyi goma. Bambancin shi ne sulɓin taya. Idan ya tsaya tsakanin kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari, lafiya lau. Idan ya wuce haka, mai kake ƙonawa kana cinye taya, kuma maganin ba lallai sabuwar tarakta ba ne: a rage iskar taya zuwa yadda littafin motar ya ce, a ƙara nauyin ƙarfe ko a ɗura ruwa a tayar baya, ko a rage zurfin garma. Idan kuma sulɓin ya yi ƙasa sosai, motar ta fi ƙarfin kayan da take ja, kana yawo da nauyin banza.

Zuguguta ƙarfin tarakta a bakin dillali ba yau aka fara ba. A jihar Nebraska ta Amurka, wani manomi kuma ɗan majalisa mai suna Wilmot Crozier ya sayi tarakta mai ɗauke da sunan Ford, wadda ba ta da wata alaƙa da kamfanin Henry Ford, ta ƙi yin abin da aka tallata. Haushin haka ya sa ya kai ƙudiri, a 1919 aka kafa dokar da ta wajabta gwada kowace irin tarakta a jami'ar jihar kafin a sayar da ita a can. Daga 1920 har yau ana wannan gwaji, kuma rahotannin suna nan a intanet kyauta. A Najeriya, cibiyar NCAM da ke kusa da Ilorin ce aka ɗora wa gwada injinan noma. Idan mai sayarwa ya ce maka doki kaza, ka tambaye shi: na inji ne ko na PTO, kuma wa ya gwada?

Abin da girma ke jawowa

Na farko mai ne. A ƙa'idar kintacen injiniyoyin Amurka, tarakta mai doki 75 tana shan kamar lita 10 zuwa 11 na dizal a awa idan aka ɗauki matsakaicin aikin shekara, mai doki 200 kuwa kusan lita 28. Idan babbar tana jan kayan da ya kai girmanta, ba asara, don tana gama fili da sauri. Idan kuwa haron nan mai mita biyu ka rataya mata saboda shi kake da shi, ka ɗauko giwa ne don ɗaukar buhu ɗaya.

Na biyu kuɗin da ke narkewa ko motar ta yi aiki ko ba ta yi ba. Mu ƙaddara, misali kawai, ka sayi tarakta naira miliyan 40, za ta yi maka shekara goma. Miliyan huɗu ke nan kowace shekara, ban da ruwan bashi in na banki ne. Idan awa 200 take yi a shekara, kowace awa ta tsaya maka naira 20,000 tun kafin ka zuba mai ko ka biya direba. Idan awa 800 take yi, naira 5,000 ne. Gonar hekta 50 da wuya ta ba tarakta aikin awa 300 a shekara. Ragowar sai dai daga haya, da jan tirela lokacin kaka, da bin damina: masu taraktocin haya da suka san kan sana'ar sukan fara daga kudu inda ruwa ke riga sauka, kamar Neja da kudancin Kaduna, su biyo shi zuwa arewa. Ƙungiyar TOHFAN ta masu taraktocin haya da kamfanin Hello Tractor, wanda aka kafa a 2014 don haɗa manoma da masu tarakta ta waya, duk a kan wannan lissafin suka ginu. Kuma gonakin da za ka yi wa haya a Kano ƙanana ne, hekta ɗaya ko biyu, wani lokaci ƙasa da haka. Mai doki 200 ba ta da abin yi a cikinsu. Ko masu doki 60 zuwa 75 da muka saba da su, masu bincike na cibiyar IFPRI sun lura cewa sun fi waɗanda manoman Indiya da maƙwabtanta suka ginu a kansu girma nesa ba kusa ba.

Na uku ba a ganinsa da ido. Nauyin tarakta yana danne ƙasa, ya toshe ƙananan ƙofofin da ruwa da iska da saiwa ke bi. Matsin iskar taya shi ke lalata saman ƙasa, amma nauyin da ke kan gatarin taya shi ke kai dannewar can ƙasa, inda garma ba ta isa ta buɗe ba. Bincike a Turai da Amurka ya nuna cewa idan nauyin gatari ɗaya ya kai tan goma a jiƙaƙƙiyar ƙasa, illar kan yi shekaru ba ta warware ba. A can ma suna da ƙanƙarar hunturu da ke ɗan farfasa ƙasa, ga yalwar ruɓaɓɓen ganye. Ƙasarmu ba ta da ko ɗaya. Alamarsa ita ce ruwa ya riƙa kwanciya a sawun taya bayan an ɗauke, ko ka tuge masara ka ga saiwarta ta tanƙware ta bi gefe maimakon ta nutsa.

Sai na huɗu, wanda ni a ganina shi ya fi kwantar da taraktoci a ƙasar nan: gyara. Manyan taraktocin Turai na shekarun nan kwamfuta ce ke sarrafa su. An ƙera injinsu don dizal mai tsabta ƙwarai, wanda sinadarin sulfa a cikinsa bai wuce kashi goma cikin miliyan ba, wasu kuma sai an riƙa zuba musu wani ruwa na daban mai suna AdBlue don tace hayaƙi. Ka ɗura mata man jarka mai ruwa da ƙura a bakin hanya, allurar man ta lalace, ko wata na'ura ta ga abin da bai yi mata ba ta rage ƙarfin injin da kanta. Daga nan sai jiran mai kwamfutar da zai karanta matsalar, da jiran kaya daga waje, damina kuwa ba ta jira. Ba banza ba Massey Ferguson 375, wadda kamfanin Millat ke haɗawa a Pakistan, da takwarorinta na Indiya irin su Mahindra da ƙananan John Deere suka cika gonakin arewa. Ba su fi kowa kyau ba, amma bakanike a Kura ko Ɗambatta ya san cikinsu. Kafin ka biya kuɗin kowace tarakta, ka rubuta sunan matatar mai, da faifan kuloci, da famfon ruwa, da allurar mai, ka shiga Ƙofar Ruwa ka tambaya. Abin da ba ka samu a ranar ba, ka sa a ranka ba za ka same shi a watan Yuli ba. Tsofaffin Steyr da aka riƙa haɗawa a Bauchi tun shekarun 1970 sun koya wa mutane da yawa wannan darasi bayan da kayan gyaransu suka yi wuya.

Wani ɗan abu a gefe: ka tabbata akwai ƙarfen kariya a saman kujerar direba, wanda ke hana motar danne shi idan ta kife a bakin kwalbati ko gaɓar magudanar ruwa. Kuma kan madigadi ba wurin zaman yara ba ne.

Injin shuka iri biyu ne

A nan mutane suka fi ruɗewa, don duka biyun "injin shuka" muke ce musu. Na farko mai zuba iri ne a jere ba yankewa, cikin layuka matsattsu masu tazarar santimita 15 zuwa 25. Shi ne jikan wanda Jethro Tull ya ƙera a Ingila a 1701. A ƙarƙashin akwatin irin akwai wani ƙarfe mai tsaga-tsaga da ke juyawa yana ɗibar iri yana turawa cikin bututu. Wannan na alkama ne da shinkafar da ake shukawa kai tsaye, ana kuma iya yin waken suya da shi. Na biyu mai ɗaukar ƙwaya ɗai-ɗai ne, ta faranti mai ramuka ko ta zuƙar iska, ya ajiye kowace a tazarar da aka saita. Wannan na masara ne, da dawa, da wake, da gyaɗa, da auduga.

Dalilin bambancin yana jikin shukar kanta. Alkama tana 'ya'ya daga gindi, idan wuri ya yi fili sai ta cike shi, don haka ba ta damu da daidaiton tazara ba, yawan irin a hekta shi ne magana. Masara ba ta yin haka. Inda aka tsallake rami, an yi asarar zangarniya, inda biyu suka faɗa wuri ɗaya kuma su yi ta kokawa. Shawarar da malaman gona suka daɗe suna bayarwa, ciki har da na Sasakawa, waɗanda suka fara aiki a Najeriya a 1992 kuma ofishinsu yana nan cikin Nassarawa GRA, ita ce santimita 75 tsakanin layi da 25 tsakanin tsiro, ƙwaya ɗaya a rami. Wannan yana ba da tsiro kusan 53,000 a hekta, da iri kilo 20 zuwa 25. Injin da ke hoton Baba na alkama ne. Da ya zuba masa masara, da ya sami layuka masu cunkoso nan, fili can. Mai masara da damina da alkama da rani injin biyu yake bukata, ko ya sayi ɗaya ya yi hayar ɗaya.

Akwai abubuwan da injin shuka ke nema daga gare ka waɗanda sungumi da diddige ba sa nema. Yana son iri mai girma ɗaya, tsabtatacce. Irin da aka ɗebo daga rumbu, manya da ƙanana haɗe da ƙaiƙayi, zai toshe ramukan faranti ko ya riƙa faɗawa biyu-biyu. Gyaɗa kuma ga saurin rabewa, sai an sami farantin da ya dace da ita an kuma rage gudu. Yana son shimfiɗaɗɗen fili ba kututture ba manyan hoge. Mafi yawan injinan da ake shigowa da su na shuka a baje ne, mu kuwa kan kunya muka saba, don haka ka yanke shawara tun wuri: ko ka koma shuka a baje ka yi huɗa daga baya, ko ka nemi injin da ke hawa kunya. Kuma faɗin tsakanin tayoyin taraktar ya dace da layukan, mita ɗaya da rabi ga layin santimita 75, in ba haka ba ranar da ka shiga noma ko sa taki sai taya ta bi ta kan shuka.

A gonar rani akwai ƙarin cikas. Manoman Kadawa suna yanka fili ƙananan fangali don ruwa ya zauna daidai, shi ya sa da yawa suke yafa alkama da hannu. Injin jere yana son a fara daidaita filin, a yi shuka, sannan a ɗaga gaɓar fangalin, ko a koma dogayen fangali. Ribar tana nan: iri yana shiga zurfi ɗaya, kamar santimita uku zuwa biyar, tsiro ya fito tare, tsuntsu bai samu ba, cire ciyawa ya yi sauƙi. Amma injin mita biyu zuwa uku ne ke shiga irin wannan fili, ba mai shida ba.

Haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya, kamar yadda iyayenmu ke yi, ba ya tafiya da injin kai tsaye. Mafita mafi kusa ita ce tsarin da masu binciken IITA suka gwada a nan Kano: layi biyu na hatsi, layi huɗu na wake. Tunda kowane layi iri ɗaya ne, kowane akwatin injin sai a zuba masa nasa.

Kada ka yarda da lambar da ke jikin injin

Kowane injin shuka yana zuwa da jadawalin da ke cewa idan ka sa hannun saiti a lamba kaza, zai zuba kilo kaza. Da irin wata ƙasa aka yi jadawalin. Ka auna da naka, aikin rabin awa ne. A ce injin jere ne mai layi goma, tazarar santimita 20, faɗinsa mita biyu ke nan. Ka auna kewayen tayar da ke juya injin da igiya, a ce ita ma mita biyu. Juyi ɗaya ya rufe murabba'in mita huɗu, juyi 25 ya rufe 100, wato kashi ɗaya cikin ɗari na hekta. Ka ɗaga tayar da jak, ka ɗaura leda a bakin kowane bututu, ka juya ta sau 25 da hannu. Idan kilo 100 na alkama kake so a hekta, abin da ya zuba gaba ɗaya ya zama kilo ɗaya. Ka kuma auna kowace leda daban: kamata ya yi kowace ta kusa giram 100. Wadda ta bambanta sosai, bututunta ko ƙarfenta na da matsala. Ga injin masara kuwa, ka ja shi mita goma a fili, ka tona a hankali ka ƙirga: a tazarar santimita 25, ƙwaya 40 za ka samu a kowane layi. Ka gwada a gudun da direbanka zai yi da gaske, don injin faranti yana fara tsallake da zarar an wuce kilomita shida ko bakwai a awa, direbobin haya kuwa da hekta ake biyansu.

Abu na ƙarshe da na tambayi Baba shi ne: idan ka shuka hekta 50 cikin kwana shida, wa zai yi maka noman farko? Duka gonar za ta nemi a cire mata ciyawa a mako ɗaya, lokacin da kowane ɗan ƙwadago yake gonarsa. Wannan shi ne abin da ya karya shirin noman injina da Turawan mulkin mallaka suka kafa a Mokwa a 1949: taraktoci sun yi huɗa sun buɗe fili mai faɗi, amma cire ciyawa da girbi suka rage a hannun iyalan da aka zaunar, aikin ya fi ƙarfinsu, zuwa 1954 kamfanin ya janye. Injin feshi, da garmar noma tsakanin layi, da injin casa, da wurin ajiya duk suna cikin lissafin kuɗin da ka ware, ba tarakta da injin shuka kaɗai ba.

Baba bai sayi mai doki 200 ɗin ba, aƙalla zuwa yanzu. Ya tura yaronsa da waya ya zagaye kowace gona ya auno faɗi da tsawonta, sai ga shi jimillar hekta 41 ce, mafi tsawonsu kuma mita 230. A daminar bana ya ce zai yi hayar mai doki 75 da injin layi huɗu, ya sa a rubuta masa awowin da ta yi da litar da ta sha a kowace gona. Ya ce in zo mu duba littafin tare bayan kaka.